Tauraruwar Da Na Ce Na Gani

Ni ba mutum ne mai yawan abin tutiya ba. Ban yi boko mai zurfi ba, ban tara abin duniya ba, karatun allo ma a tsakiya na tsaya. Abu guda Allah ya ba ni wanda duk Soron Ɗinki ta shaida, shi ne ido. Da shi na ci abinci shekara arba'in ina ɗinkin babbar riga a zauren gidanmu, aska biyu, aska takwas, duk wanda ka zo da shi. Da shi kuma nake duba wata.

Duk ranar ashirin da tara ga wata, in la'asar ta yi sanyi, sai in soke allura a jikin riga, in ɗauki buzuna da buta in nufi Goron Dutse, mutum uku ko huɗu na biye da ni. A can sama muke yin magariba. Ana sallamewa sai mu juya wa gabas baya mu zuba wa yamma ido, kuma kusan kullum ni nake fara cewa ga shi can. Ba ni nake sa gari ya ɗauki azumi ba, wannan aikin manya ne. Amma a unguwarmu ko an faɗa a rediyo sai ka ji wani dattijo ya ce, "To shi Malam me ya ce?" Ni ne Malam ɗin. Ban taɓa nuna ina jin daɗin tambayar nan ba, amma ina ji.

Ina da ƙane, autan ɗakinmu, shekara tara na ba shi. Shi ya yi boko, ya yi aikin safiyo a Kaduna har ya yi ritaya ya dawo gida. Mutum ya gama aiki ai sai ya nemi 'yar gona ko ya buɗe shago. Shi sai ya sayo na'urar hangen nesa, wani farin bututu mai ƙafa uku, ya ce taurari zai riƙa kallo. Na yi dariya da na ji. Wannan yaron da ni na nuna masa Zara a tsakar gida yana goye a wuyana, ni na nuna masa kaza da 'ya'yanta, yana ƙirgawa yana ɓatawa. Kafin shekara biyu dariyar ta tsaya mini. Ya tara mutane, wani malamin sakandare, wani mai kemis daga Yakasai, da 'yan kasuwa biyu-uku, suka buɗe guruf a waya, suna ce wa kansu 'yan kallon sama. Shi kuma suna ce masa Injiniya. In ya yi magana a kan wata har rubutawa suke yi.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, a daidai waɗannan shekaru biyun idona ya fara tafiya. Allura ce ta fara gaya mini. Sai in yi ta cusa zare yana wucewa ta gefe, in ce zaren yanzu ne ba shi da kyau. Daga baya na koma zura allurai goma da hantsi a bakin ƙofa inda rana take, in jera su a jikin matashi, don kada wani ya zauna kusa da ni da yamma ya ga ina lalube. Ƙwan lantarkin zaure ya fara yi mini gashi-gashi, fitilar mota kuwa in ta haske ni sai na tsaya cak. Na san sunan abin, yanar ido ce, na ga yadda ta yi wa wasu. Watanni uku a jere na hau Goron Dutse ban ga jinjirin wata ba. Sai in yi shiru kamar ina ba yara dama, in wani ya ɗaga hannu in bi hannun in ce, "Haka ne, shi ne." Suka ɗauka kawaici nake yi.

Ana cikin haka, damina ta ɗauke, sama ta wanku tas, sai ga ƙanena a zaure da waya a hannu.

"Yaya, muna da baƙuwa a sama," ya ce. "Tauraruwa mai wutsiya. Daga jibi za a fara ganinta da magariba, ta yamma, kusa da inda rana take faɗuwa."

Ban ɗago daga ɗinkina ba. "Wa ya gaya maka?"

"Lissafi ne, an daɗe ana bin ta."

"Ashe yanzu taurari ma aike suke yi kafin su zo."

Ya yi dariya, shi ba ya fushi, wannan ma wani abin haushin ne. Ya ce, "A Goron Dutse za mu kafa na'ura. Ka zo mana, Yaya, mutane za su so a ce kana wurin."

Ka ji fa. Dutsen da na yi shekara talatin ina hawa, wai yau ni ake gayyata. Na ce masa ina da rigar ango da ake jira, in na samu sarari zan leƙo.

Daren farko ban je ba. Na biyu ma haka. Amma ina zan sa kunnena? A masallaci zancen ke nan, a wajen mai shayi zancen ke nan. Har wani ɗan dako da yake ajiye kurarsa a ƙofar gidanmu ya ce shi a hanya ma ya gan ta, yana dawowa daga kasuwa, ya ɗaga kai kawai sai ga ta. Mutumin da in ka ce ya nuna maka gamzaki sai ya nuna maka fitilar eriya. Kowa kuma in ya gama ba da nasa labarin sai ya juyo gare ni: "Malam kai fa, yaya ka gan ta?" In ce ban fita ba tukuna. A rana ta uku na ga shirun ya fara zama magana, sai na ɗauki buzuna.

Ban taɓa ganin dutsen nan da mutane irin na ranar ba. Maza, mata da lulluɓinsu a gefe guda, har da mai sayar da ruwan leda. Akwai wani falalen dutse shimfiɗaɗɗe a ɓangaren yamma inda nake shimfiɗa buzuna tun ina da baƙin gemu. A kansa aka kafa bututun. Mutane sun yi layi a bayansa tun rana ba ta faɗi ba, ƙanena yana tsaye da 'yar hularsa yana bayani da hannu, ana gyaɗa kai. Na nemi wani gefe na tsaya. Wallahi a lokacin da iska za ta zo ta kifar da abin nan ya farfashe, da na yi jaje da baki kawai.

Aka yi salla. Aka juya yamma. Layi ya fara motsi, sai wani maƙwabcinmu, tsohon mai gyaran agogo wanda ya fi kowa daɗewa yana bi na duban wata, ya ɗaga murya.

"Ku ɗan dakata da na'urar nan. Ga Malam ya zo yau. Ku bari ku ga yadda ake yi da idon Allah."

Wurin ya yi tsit. Aka buɗa mini hanya har gaba. Ban nemi wannan ba, amma ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi, har na manta abin da nake ɗauke da shi a fuskata. Na gyara tsayuwa, na kare goshi da hannu kamar yadda na saba. Na ga jan da rana ta bari a ƙasa. Samansa kuma wani fari-fari ne kawai, irin na ruwan da aka wanke shinkafa. Na yi ta dubawa. Ina jin numfashin mutane a bayana.

Sai ga haske. Ɗigo guda, mai ƙarfi, ya huda farin nan ya fito, kuma daga jikinsa wani zare na haske ya miƙe sama. Murna ta kama ni. Ina rantsuwa da Allah ba ƙarya na shirya ba, a raina na gan ta. Na ce ashe da saurana. Na miƙa hannu sosai, yadda kowa zai gani.

"Ga ta can."

Na buɗe baki zan ce ga wutsiyar ma, sai na ji shirun ya canza. Malamin sakandaren nan ya yi wani ɗan tari. Kafin in ƙarasa sai na ji kafaɗar ƙanena a jikin tawa, ya ɗaga murya ya rufe tawa.

"Kun ga yadda masu duba na gaske suke yi? Yaya ya fara kama muku Zara ne, da ita ake kafa hanya. To kowa ya miƙa hannunsa kamar yadda ya yi. Daga Zara ku auna taƙi ɗaya da ɗan ƙari zuwa dama, sai ku ɗan ɗaga."

Hannuwa suka tashi. Sai salati ya fara tashi nan da can, wannan ya ce ya gani, wancan ya ce ya gani, wata mata tana ta kiran 'yar'uwarta ta zo ta tsaya inda take. Mai gyaran agogo ya daki kafaɗata yana dariya. "Ban gaya muku ba? Ko kusa da madubin bai je ba."

Zara ce. Zarar da na san ta tun kafin a haifi rabin mutanen da ke wurin. Wutsiyar da na gani kuwa a cikin idona take, ita ce dai gashin nan da ƙwan zaure yake yi mini. Na bar hannuna a sama, na buɗe yatsu na auna taƙin kamar kowa, na ɗan ɗaga. Babu komai a wurin.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata in ji game da ƙanena a lokacin, na san amsar. Ya rufa mini asiri a gaban unguwa guda. Amma abin da na ji daban. Na ji ya sani. Kuma da saurin da ya yi, babu ko inda-inda, na gane ba yau ya sani ba. Wato duk watannin nan da nake jera allurai a matashi ina ganin na iya dabara, shi yana kallona yana tausayina. Ƙyashi ya taso mini. Yana da idon, yana da na'urar, yana da jama'ar, yanzu kuma ga shi da alheri a kaina.

Da layi ya koma kan bututun, sai ya matso ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaya, zo ka sa ido. Akwai wajen murɗawa, ana daidaita shi da idon kowa. Za ka gan ta, in sha Allahu."

Taku uku ne tsakanina da abin. Ina son in gani, Allah ya sani ina so. Tun ina yaro nake jin tsofaffi suna zancen tauraruwa mai wutsiya, kuma duk daren da na ɗaga kai a rayuwata akwai ɗan wannan fatan a ciki. Amma in na sunkuya a kan bututun nan, a gaban mutanen da yanzun nan aka gaya musu ba na buƙatarsa, me ya rage? Kuma ko na gani, tasa zan gani. Shi ya saita, shi ya murɗa, shi zai tsaya a kaina yana tambaya ta fito ko ba ta fito ba.

Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji. "Bar wa mabuƙata."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "To, Yaya," ya koma wajen layinsa. Na tsaya a wurin fuskata a sama har aka kira isha, ina jin yana yi wa kowa bayanin abin da yake gani, ɗaya bayan ɗaya, ba ya gajiya.

Bayan kwana biyu ya sake zuwa zaure, ya jira har masu zama suka tashi. Ya ce gobe ba za su hau dutse ba, a saman gidansa zai kafa, ya riga ya aika wa maƙwabta cewa za a hau sama. Daga ni sai shi, babu na uku.

"Na riga na gani," na ce. "Sau nawa ake kallon abu guda?"

Ya dube ni ya daɗe. "Kullum raguwa take yi, Yaya. In ta tafi, ba mu ba, ko jikokinmu ba za su same ta ba."

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya tashi ya tafi. Da magaribar ranar na zaga ta bayan unguwa ni kaɗai, na sami wani fili inda katanga ba ta tare yamma ba. Na kama Zara, na auna taƙi ɗaya, na auna biyu, na runtse ido na buɗe, na rufe na hagu na gwada da na dama, har hawaye suka zo mini don dubawa. Wani mai babur ya tsaya ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce iska nake sha.

Daga nan na shiga guje masa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan shiga cikin gida mu gai da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ta haura tamanin, ƙafa ta daina ɗaukarta, daga gado sai bakin ƙofa. Sai na koma shiga da sassafe don kada mu haɗu. Sati uku ina haka. A na huɗu na makara, na tarar da takalminsa a ƙofar ɗakinta.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma ita ta mutanen da ce. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini wasa, in za ta ba ni saƙo sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa wanda ke kusa. Kunyar ɗan fari ke nan, na sani, haka aka yi wa kowa, ba ƙi ba ne. Amma sanin bai taɓa hana ni jin wani abu ba in na ga auta zaune a bakin gadonta tana tsokanarsa, tana ce masa mai ƙaton kai, ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa da furfurata. Ranar ma haka na same su. Na gaishe ta, ta amsa tana duban bango. Shi kuma yana ta ƙoƙarin nuna mata hoton tauraruwar a waya.

Ta ture hannunsa. "Ɗauke mini wannan abin, ni me zan gani a ciki. Kakata ta ce ta taɓa ganin irinta tana budurwa, ni ga shi ta zo ƙafa ta hana ni." Sannan ta ce, "An ce mini wani ya gan ta da idonsa, ba da madubi ba."

Sai Inna ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, inda nake. Ta dube ni sosai.

"Kai faɗa mini. Yaya take?"

Shekara sittin da wani abu ina jiran matar nan ta juyo ta tambaye ni wani abu, ni da kaina. Ga ranar ta zo.

Na faɗa mata. Na ce kanta yana ƙasa, wajen da rana ta faɗi, ɗan dunƙule, ba shi da kaifi irin na sauran taurari. Na ce wutsiyar ta miƙe sama ta ɗan karkata hagu, siririya daga tushe, tana tafiya tana bajewa kamar bakin tsintsiya, har ta ɓace ba ka san inda ta ƙare ba. Babu kalma ɗaya tawa a ciki. Bayanin ƙanena ne, wanda na ji yana maimaita wa mutane a kan dutse, har da tsintsiyar. Yana zaune taku biyu daga gare ni, ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Inna tana ji tana gyaɗa kai, bakinta a ɗan buɗe. Ta ce, "Ikon Allah. To tana ƙyaftawa kamar 'yan'uwanta, ko tsaye take?"

Wannan bai faɗa a kan dutse ba.

Ƙanena ya miƙa hannu yana gyara mata matashi, bai dube ni ba. "Ai da muna saukowa ka ce mini ba ta ƙyaftawa, Yaya."

"Haka ne," na ce. "Tsaye take."

Inna ta koma ta jingina. Ta mai da fuskarta bango kamar yadda ta saba, amma da ni take. "Allah ya bar maka idon nan. Allah ya tsare shi daga bakin mutane."

Muryar ƙanena ce ta fara cewa amin. Tawa ba ta fito ba.

Muka fito tare. A zaure ya tsuguna yana ɗaura igiyar takalmi, ni ina tsaye a kansa, babu kowa sai mu. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fita, kuma da ta fita ma ƙofa nake kallo.

"Bututun nan naka. Har yanzu yana kamo ta?"

Ya gama ɗaure ƙafa ɗaya, ya koma ɗayar, ya ɗaure ta a hankali.

"Jiya na neme ta har aka kira isha, Yaya," ya ce. "Ban same ta ba."

Ya yi mini sallama ya fita. Har yau bai gaya wa kowa ba, kuma har yau in muka haɗu ni nake fara kawar da kai.